Iya ruwa fid da kai: daga Lagdo zuwa tekun Kiribi

Duk shekara idan aka rufe kamun kifi a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru, daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba, samari kan taru a rumfar da nake gyaran injin jirgi. Hira ta kai ta kawo, ƙarshenta dai a kan teku take sauka. "Kawu, wai da gaske a Kiribi fita ɗaya ta fi watanmu guda a nan?" Wata fitar haka ne, wata kuwa ko kuɗin ƙanƙara ba a mayarwa. Na yi shekara goma sha ɗaya a jiragen katako na bakin tekun Kamaru, yawancinsu a Kiribi, kaɗan a wajen Limbe da Idenau, kafin bayana ya gaza in dawo gida. Cikin waɗanda muka ci tuwo tare akwai waɗanda aka yi wa salla babu gawa, Allah ya jiƙansu. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya a raina, da wuya na sami wanda teku ya ci da ƙarfi kawai. Kusan kowannensu akwai wani ɗan abu da aka manta a tudu, ko aka raina a cikin jirgi. Waɗannan 'yan abubuwan nake so in rubuta, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Mu Sarkawa ne, kakanninmu daga wajen Yawuri suka biyo ruwa. Mahaifina ya zauna a Garwa yana su a Binuwai, da aka gama madatsar Lagdo a 1982 tafkin ya cika muka koma can. Kafin in iya karatun allo na iya jefa birgi, na san shimfiɗa kalli, wato doguwar ragar kamun kifi, da ɗana mamari. Da wannan kurin na hau jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, na bi mota ta Edeya na sauka Kiribi, ina ganin ai ruwa ruwa ne.

Abu na farko da ya ƙaryata ni shi ne cikowa da janyewa. A Lagdo ruwa yana hawa da damina, ya sauka da rani, shi ke nan. Teku kuwa sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa cikin kwana guda, kuma kullum lokacin yana ja baya da kamar minti 50. Idan yau ya cika da ƙarfe shida na safe, gobe sai wajen bakwai saura. Mu Musulmi muna da sauƙi a nan tunda mun saba da lissafin wata: ranakun tsayuwar wata da ranakun sha huɗu, sha biyar, a nan cikowa ta fi yawa, janyewa ta fi zurfi, jan ruwa ya fi ƙarfi. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu abin yana lafawa. Amfanin sanin wannan yana bakin kogi. Jiragen Kiribi suna fita ne ta bakin kogin Kienke daga mashayar Mbowa-Manga, kuma duk inda kogi ya haɗu da teku akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Idan ruwa na janyewa, kogi na turowa waje, raƙuman teku na turowa ciki, sai su miƙe tsaye su karye a kan wannan tudun. Matuƙin da ya san aikinsa ba ya kutsawa yana isowa. Yakan tsaya a waje ya ƙirga raƙuman, don jere suke zuwa, manya 'yan kaɗan sannan a sami sarari. Wajen shigowa sai ya bi bayan raƙumi guda, kada ya wuce shi, kada na baya ya cim masa. Jirgin da raƙumi ya samu a gicciye ya gama yawo. Da yawa daga kifewar da na gani da idona a nan aka yi ta, mutanen tudu na kallo, jirgi cike da kifi, kowa na ɗokin gida.

Sai inji. A nan zan daɗe, don shi ne sana'ata yanzu, kuma shi ne ran mutum uku ko huɗu da ke cikin jirgi. A Lagdo idan inji ya mutu ka ɗauki filafili, ko ka jira wani ya ja ka. Inda muke kai wa a teku, tafiyar awa uku ko huɗu, ba a ganin ƙasa sam. Wanda ke tsaye a kwale-kwale, idonsa kamar mita biyu daga ruwa, abin da ke daidai fuskar ruwa ba ya hango shi bayan kilomita biyar. Jirgin katako mai tsawon mita goma, ɗauke da ƙanƙara da kalli, filafili ba ya mayar da shi gida idan iska da jan ruwa sun ƙi.

Yawancin jiragenmu Yamaha Enduro ne mai doki 15, manya su ɗaura 40. Irin injin nan ne da ake haɗa masa fetur da man inji a tanki ɗaya, kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. Lita 25 rabin litar mai ke nan, jarkar lita 20 kuma mililita 400. Sabon inji, ko wanda aka sake wa zobba, ana ninka masa man a awa goman farko. Masu awo da ido su ne kwastomomina. Mai ya yi kaɗan, fistan ya kama ya daskare. Ya yi yawa, buji, wato fulogi, ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, inji ya riƙa shaƙewa. A fara zuba man a jarka da ɗan fetur kaɗan, a girgiza, sannan a cika. Doki 15 idan aka murɗe totur gaba ɗaya yana shan kusan lita 7 a awa, doki 40 kuwa yana kai wa lita 18 zuwa 20. Sassauta hannu kaɗan yana rage sha sosai, gudun kuma ba ya raguwa da yawa. Lissafin da tsofaffin matuƙa suka koya mini shi ne raba fetur uku: kashi ɗaya na zuwa, kashi ɗaya na dawowa, kashi ɗaya ba a taɓa shi. Dawowa ta fi zuwa sha, saboda nauyin kifi da na jiƙaƙƙen kalli. Mai jirgi yana tudu yana lissafin riba, shi ne zai ce maka kashi na ukun nan ɓarna ce. Ba shi zai kwana a ruwa ba.

Fetur ɗin kansa shi ne babban maci amana. Nan arewa mun san zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, can kudu ma suna da nasu na jarka. Ba duka ne mugu ba, amma wanda ya kwana a buɗaɗɗen duro a garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, akwai ruwa a cikinsa. Wajen Idenau, ƙauyen Debunsha da ke gindin dutsen Kamaru yana samun ruwan sama kusan mita goma a shekara, to ka auna. Gwajin ba shi da wuya. Ka tsiyayo daga ƙasan jarka cikin farar kwalba, ka ajiye minti biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. Tiyon tanki daga ƙasa yake zuƙa, don haka ruwan ne ke fara isa kabureta, musamman idan jirgi ya fara rawa.

Na ga wannan kusa da kusa. Wata asuba mun gama jan kalli, matuƙinmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Batanga, ya ja igiya inji ya tashi, muka yi kamar minti biyar sai ya fara tari, ya mutu. Yaron da ke tare da mu ya hau ja, ya ja ya fi sau talatin har tafin hannunsa ya fashe. Dattijon ya ce da shi, "Zauna, ɗana, ja ba ya gyara inji." Ya fara saukar da anka. Sannan ya shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin injin don kada ƙaramin noti ya faɗa ruwa. Ya duba ɗan notin shan iska da ke kan murfin tanki, a buɗe yake. Ya matsa robar fam ta tiyo, ta yi tauri, wato fetur na isa. Ya kwance buji, ya ga ɗigon ruwa a bakinsa. Sai ya sassauta notin da ke ƙasan kabureta ya tara gwangwanin tumatir, abin da ya fito rabi ruwa ne. Ya wanke 'yar kwalbar filta, ya juye tankin a jarka ta mazurari da tsumma, ya bar na ƙasan, ya sa sabon buji. Ja na uku ya tashi. Duka bai kai awa ɗaya ba, kuma bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Da babu sifanar buji a jirgin nan, da labarin ya canza.

Don haka akwatin kayan gyara ba ado ba ne. Buji sababbi aƙalla biyu da sifanarsu, filaya, sukundireba mai baki ɗaya da mai kuros, igiyar tayarwa ta ko-ta-kwana wadda za a naɗa a kan filawil idan ta ainihin ta tsinke, farfela ta biyu da notinta da ɗan fil ɗinta, guntun tiyo, waya, duka a cikin roba mai murfi an shafe su da mai, don gishiri ba ya barin ƙarfe. Sannan ido a kan fitsarin inji. Wannan ɗan ruwan da yake tsartuwa ta baya shi ne shaidar cewa injin na shan ruwan sanyaya. Da zarar ya tsaya, a kashe nan take. Galibi leda ce ta toshe ƙofar shan ruwa a ƙafar injin, ko yashi ya toshe ɗan bututun, siririyar waya ta isa. Idan ba su ba ne, robar famfon ruwa ce ta cinye, kuma abin da ke cinye ta shi ne tayar da inji a tudu babu ruwa. Ko minti ɗaya ba ta jurewa. Wani abin da masunta ba sa lura da shi: zaren kalli ko na fatsa yakan naɗe a bayan farfela, ya ci robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga. Ka cire farfela lokaci-lokaci ka duba. Ka kwance notin ƙasa na giya, idan man ya fito fari kamar kunu, ruwa ya riga ya shiga. Bayan kowace fita a tayar da injin cikin duron ruwan daɗi ya wanke gishirin cikinsa.

To a ce duk an yi, inji ya ƙi. Abin da ke kashe mutane daga nan shi ne ruwa ya tafi da jirgi, sai kuma ƙishirwa. Anka ba ta kamawa da gajeriyar igiya, tana son tsawon da ya ninka zurfin ruwa sau uku zuwa biyar. A zurfin mita 30, igiya mita 100 ita ce mafi ƙanƙanta. Inda anka ba ta kai ƙasa, a ɗaura bokiti ko a saki wani ɓangare na kalli daga goshin jirgi, zai rage gudun tafiya ya kuma sa goshin ya fuskanci raƙuma. Ruwan sha kuwa, lita uku zuwa huɗu ga kowane mutum a kwana, a ƙara na kwana biyu a kan abin da aka yi niyya, kuma a raba shi jarka biyu ko uku don kada guda ta fashe a rasa duka. Kowace litar ruwan teku tana da gishiri kusan giram 35. Ƙoda ba ta iya fitar da shi sai ta jawo ruwan jikinka, shi ya sa wanda ya sha yake riga sauran ruɗewa. A jiƙa riga da shi don sanyi, a tari ruwan sama da tamfol, amma kada a kai shi baki. Sabon shiga kuma yana da nasa bala'in, jiri da amai. Ni kwana biyu na yi ina amai har na ga ɗaci, ni da ake kira ɗan ruwa a Lagdo. Kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana taimakawa, nisantar warin fetur ma haka. Mai amai ko gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kaɗan-kaɗan.

Kafin a fita a bar magana a tudu, wajen mutum guda mai hankali: ina aka nufa, mutum nawa, yaushe za a dawo, yaushe za a fara nema. A Kiribi ranakun sauke kifi Laraba da Asabar ne, jirgin da bai shigo ba ana lura. Waya tana rasa layi idan aka yi nisa, amma GPS ɗinta yana aiki ko babu layi, sai dai a ƙulle ta a leda a kashe ta don batir. Jirgin da ke da rediyon VHF, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. Ɗan kamfas kuwa ba ya cin batir. A Kiribi ƙasa tana gabas, ko hazon hunturu ya rufe komai, ka miƙe gabas za ka ci karo da tudu. A Limbe lissafin daban ne, ƙasa tana arewa, ga kuma tsibirin Biyoko na wata ƙasar a gabanka, wanda ruwa ya kai can sai ya yi bayani.

Dare yana da nasa. Manyan jiragen kaya da masu jan taru ba sa ganin kwale-kwalen katako, na'urarsu ma da kyar take nuna shi. A zamanina doka ta hana masu jan taru shiga mil uku na bakin gaɓa, amma da dare wasu kan shigo, wani lokacin fitila a kashe, su tafi da kallin mutum, ko da jirgin da ke ɗaure da kallin. Shi ya sa wuƙa take zama kusa da inda aka ɗaure igiyar kalli. A yanke igiyar, kalli ana saye. Fitilar babban jirgi tana magana ga wanda ya iya ji: ja a hagunsa, kore a damansa. Ka ga ja da kore lokaci ɗaya, kai ya nufo. Ka ga jirgi yana ƙara girma amma bai gusa daga saitin da ka fara ganinsa ba, karo za ku yi, ka kauce tun da wuri. Jirgin da ke gudun kilomita 28 a awa, daga nisan kilomita goma minti ashirin da 'yan kai ne ya iso. Dole mutum guda ya kwana ido biyu, da farar fitila a kan sanda da tocila mai ƙarfi, ana karɓa-karɓa. Tun da aka buɗe tashar manyan jirage ta Mboro a 2018 zirga-zirgar ta ƙaru. Akwai kuma jirgin ajiyar man Cadi da ke tsaye a gaban Kiribi tun 2003, inda bututun Doba ya ƙare. Kifi na taruwa wajen hasken irin waɗannan wurare, yana jan masunta, amma an hana kusantarsu, kuma masu gadinsu ba sa wasa.

Yanzu faɗawa ruwa. Mutane na zaton hadari ne ke jefa masunci. Sau da yawa fitsari ne. Mutum ya tashi cikin dare da magagi, ya tsaya a gefen jirgi, raƙumi ya taɓa, ya tafi, sauran na barci. A yi a cikin abin kwarfar ruwa a zubar. Na biyu igiya. Lokacin sakin kalli jirgi na tafiya, ƙafar da ta shiga cikin zoben igiya za ta bi kallin, ga dalma na ja ƙasa. Haka muka rasa wani yaro ɗan wajen Yagwa, gwanin iyo, wanda ke ƙetare Logon tun yana ƙarami. Wuƙarsa tana cikin kwando a goshin jirgi. Tun daga ranar ba na hawa jirgi sai da wuƙa a ƙugu, ɗaure da zare. Doguwar riga da takalmin roba mai tsawo ma abokan gaba ne. Matuƙi kuma ya ɗaura jar igiyar kashe inji a hannu ko a cinya. Idan ya faɗa babu ita, jirgi zai tafi ya bar shi, ko ya kewayo da farfela a kansa.

Idan wani ya faɗa, a yi ihu, a jefa masa jarka marar komai, mutum guda ya nuna shi da hannu kada ya ɗauke ido ko me ake yi, don kan mutum a cikin raƙuma bai fi kwakwa ba. A zagayo a tunkare shi ana fuskantar iska, a cire giya kafin a isa. Kada a bi shi cikin ruwa hannu sake, mai nutsewa yana danne mai ceto.

Rigar ceto ita ce abin da muka fi yin gardama a kai da samari. Tana da zafi, tana kama kalli, kuma a ganinsu ta matsorata ce. Wani ya nuna mini layar da ke damtsensa ya ce, "Kawu, gadonmu ne, ruwa ba ya cin Basarke." Na ce masa ni ma an ba ni na sha, kuma ba na taka jirgi sai na karanta Bismillahi majreha wa mursaha, amma kabarin Sarkawa da ruwa ya ci yana nan bayan gari, ya je ya ƙirga. Gwanin iyo da katako ya buga wa kai bai fi jariri ba. Rigar kirki tana da abin wuya da ke juyo fuskar wanda ya suma sama, da maɗauri ta tsakanin cinyoyi. Babu wannan maɗaurin, rigar kan zame ta kai kunne. A duba lambar da ke jikinta: 100N na ruwa mai kwanciya ne irin namu, teku yana son 150N. A ɗaura mata usur. Wadda aka mayar matashin zama har sosonta ya lotse ta mutu. Inda babu kuɗi, jarkar lita 20 marar komai mai murfi gam tana ɗaga kusan kilo 20, a ɗaure huɗu ko shida a ƙarƙashin allunan zama. Jirgi ya kife, a manne masa. Ana hango jirgi daga nesa, ba a hango kai, kuma gaɓar da ake gani kusa ta fi yadda ido ke faɗa nisa. Ruwan can ɗumi ne, duk da haka yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, wanda ya kwana a ciki zai fito yana karkarwa. A hau bayan jirgin idan da hali.

Wanda aka tsamo ba ya numfashi, a daina abin nan da muka gada na riƙe shi ƙafa sama ko danna masa ciki wai a fitar da ruwa. Lokaci ake ɓatawa, kuma abin cikinsa ne ke komawa huhu. A kwantar da shi rigingine a kan abu mai tauri, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura masa iska baki da baki sau biyar ana ganin ƙirji na tashi. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita biyar zuwa shida, da saurin kamar biyu a daƙiƙa, a hura biyu, a koma dannawa. Idan ya farfaɗo a kwantar da shi a gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a rufe shi, a kai asibiti ko ya ce ya warke. Huhun da ya sha ruwa yakan tashi da ciwo bayan awanni.

Lodi ma kisa ne a hankali. Tsohon firiza muke sawa a tsakiyar jirgi, kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, ana jerawa hawa-hawa. Idan ba a ɗaure firizan nan ba, raƙumi ɗaya zai tura shi gefe ya tafi da jirgin. Ruwan da ke kwance a cikin jirgi shi ma nauyi ne mai yawo, lita ɗaya kilo ɗaya, duk inda jirgi ya karkata can yake gudu. Kwarfa ba ta jira. Sai wuta: tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, ga kurfoti ana dafa shayi, ga mai taba. Kurfoti a goshi, fetur a baya, ba a juye mai sai an kashe wuta. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata minti ashirin, ba man goge baki ko baƙin mai ba.

Raunukan yau da kullum ba su da yawa, amma raini ke mayar da su manya. Ƙugiya ta shige har ƙayarta ta ɓace, ba a fizgo ta baya. A tura ta gaba bakin ya fito, a datse ƙayar da filaya, a zaro sauran ta inda ta shiga. Idan kusa da ido ce, ko wuya, ko cikin gaɓa, a yanke zaren kawai a naɗe a nufi asibiti. Kunamar ruwa da kifin nan mai ƙaya, ɗan'uwan kurungu da 'yan can ke kira mashuwaron, dafinsu ba ya son zafi. A tsoma wurin a ruwa mai zafin da lafiyayyen hannu zai iya jurewa, wajen digiri 45, rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, ana ƙara na zafi. Na ga ƙato yana kuka kamar yaro, cikin minti goma a bokiti ya yi shiru. Kowane rauni a wanke da sabulu da ruwan sha. Idan ya yi ja, ya kumbura, jan yana hawa sama, ga zazzaɓi, to ba na gobe ba ne, ƙwayoyin cutar ruwan gishiri suna da sauri. Wanda ya fi shekara biyar rabonsa da allurar tetanus ya karɓa. Tramol kuwa, da ake sha wai don ƙarfin jan kalli, na ga ya kayar da mutum da farfaɗiya a tsakiyar jirgi. Da a gefe yake zaune, da babu shi. Ni ba na fita da mai sha, ko ɗan uwana ne.

Da na dawo Lagdo sai na ga rabin abin da na koya a teku nan ma wurinsa ne. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yake tasowa a can da nan, baƙi kamar bango, iska ta ɗauke ɗif, sannan sanyi ya bugo. Daga wannan sanyin zuwa guguwa 'yan mintuna ne. A bar kalli a nemi bayan tsibiri, a kwantar da duk wata doguwar sanda saboda tsawa. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna jiran farfela idan tafki ya ja baya. Ga dorina, wadda ba a shiga tsakaninta da ɗanta, ko tsakaninta da zurfi, kuma a wurin da aka san tana nan ana tafe ana buga gefen jirgi don ta ji ta ɗago.

Abu ɗaya da teku ba shi da shi muke da shi: tsargiya. Katantanwar da ke ɗauke da ita ba ta rayuwa a ruwan gishiri. Nan kuwa yaro ya yi fitsarin jini a ce alamar girma ce. Tsutsa ce ke shiga ta fata lokacin da muke tsaye a ruwa mara zurfi mai ciyawa, ta zauna shekaru tana cin mafitsara da hanta. Maganinta praziquantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ƙwayar miligiram 600 ce, mai kilo 60 huɗu zai sha, bayan ya ci abinci, ma'aikacin lafiya ne ke aunawa. Yana kashe tsutsar da ke jiki, ba ya hana sabuwa shiga, don haka masunci ya riƙa komawa ana duba shi. Ni sai da na je kudu aka gwada ni aka gaya mini, bayan na yi shekaru ina ɗauke da ita.

Makon jiya biyu daga cikin samarin rumfata suka zo sallama, sun sami jirgi a Kiribi. Na ba kowannensu wuƙa mai zare da usur, na ba babban sifanar buji. Ƙaramin ya juya usur ɗin a hannu yana dariya, ya ce, "Kawu, ai wannan na alƙalin ƙwallo ne." Na ce ya rataya a wuya, ya sa cikin riga. Sun hau motar Ngaundare da asubar Talata.